Tudun da Labbo Ya Tsare

Ranar da Labbo ya koma gonarsa, gonar ba ta gane shi ba, shi ma bai gane ta ba. Ɗan kabu-kabu ya sauke shi a bakin hanyar Kekun Waje, ya bi tsohuwar turba da ƙafa zuwa Tungar Ɗorawa, yana ɗaga kai yana neman itacen da tungar ta ci sunansa. Babu ɗorawa, babu dalilinta. Masu gawayi sun riga shi zuwa, ko kututture ba su bar masa ba. Da ya iso inda yake zaton nan ce iyakarsa, sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

Gonar da ya sani shimfiɗaɗɗiya ce, kunyoyinta a jere kamar kitson sallah. Wadda ke gabansa kuwa duk ta yi ƙuraje. A shekarun da babu kowa, shanu sun tattake ta da damina, rana ta zo ta gasa sawunsu ya daskare. Gara ta gina jan suri nan da can, sabara ta fito inda ba a gayyace ta ba, ruwa ya ci wannan gefe ya tara a wancan, masu haƙon gafiya su ma sun bar nasu aikin. Ko'ina mutum ya duba, in ba tudu ba to kwari ne.

Bai yi nisa ba ƙafarsa ta zurma cikin wani kwari da busasshiyar ciyawa ta lulluɓe. Ya tafi gaba ɗaya ya kife, gorar ruwa ta yi nata wuri, hula ta yi nata. Dattijo da furfurarsa, kwance rub da ciki a gonar kansa! Ya tashi zaune yana murza idon sawu, ya waiga ko wani ya gani. Babu wanda ya gani, kuma wannan ya fi faɗuwar yi masa ciwo, don a da ko tuntuɓe ya yi akwai wadda za ta ƙyalƙyale da dariya tukuna, sai ta gaji sannan ta ce masa sannu.

"Kai ramin ga," ya ce yana nuna shi da yatsa, "da kai zan hwara."

Mai dariyar ita ce Shafa'atu, matarsa, wadda yake kira Shahwa. Tana cikin gonar nan, a wani wuri da bai sani ba, kuma ita ce ta dawo da shi.

A shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, zazzaɓi ya kwantar da ita. Labbo ya tafi Gusau neman magani da niyyar ya juyo a ranar. Kafin ya gama, hanya ta rufe, babu direban da ya yarda ya shiga ko da me za a ba shi. Ita kuma ta cika a wannan yinin, mutanen tunga suna ɗaure kayan gudu. Maƙabarta tana hayin rafi, inda ake jiyo harbi, saboda haka 'yan mazan da suka rage suka sallace ta, suka kai ta gonar mijinta, sannan kowa ya kama gabansa. Labbo ya ji labarin a tasha, da ledar magani a hannunsa.

Tun daga nan yake zaune a Sabon Garin Gusau, a wani ɗan ɗaki bayan shagon ɗansa Abdulrahman, mai sayar da kayan babur. Ba a rage shi da ci ko sha ba, a faɗi gaskiya. Amma mutumin da ya saba tashi da kukan zabi, an ajiye shi inda janareta ke gaisawa da janareta, yini guda ba mai tambayarsa ko gero ya yi kai. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi komai damunsa shi ne, bai sallace ta ba, bai kama makararta ba, ko ƙasa cikin tafin hannu bai zuba mata ba. Ya zuba wa maƙwabta, ya zuba wa baƙin da bai san sunansu ba, amma matar da ta tuƙa masa tuwo tun gemunsa bai fito ba, wasu ne suka rufe ta.

Da al'amura suka ɗan lafa, mutane suka fara komawa da ɗaiɗai, sai maigari ya aiko cewa duk gonar da aka bari ta sake kwana bana za a ba wani aronta, don gonar da ba a nomawa kusa da gida maɓoyar 'yan bindiga ce. An kuma yi shawara kada a shuka gero ko dawa a gonakin bakin tunga, sai abin da ba ya ɓoye mutum. Abdulrahman ya ce to, a mai da ta fili ɗaya, a zuba wake da kyasuwa, tunda harawa da ingirici ba sa kwantai a Gusau wurin masu kiwon raguna. Lauje kuwa ba ya shiri da tudu da kwari. Sai ya nemo wani mai tarakta, Tajuddeen, wanda zai yi wa gonakin tungar haro, ya farfasa ƙasa ya baje ta, da zarar ruwan fari ya sauka, daga nan ya wuce wajen Tsafe, ba zai sake waiwayowa ba sai baɗi.

"Baba, in ba ka iyawa, a bar ma wani," in ji Abdulrahman. "Ka huta haka nan."

Labbo bai taɓa kiran sunan ɗan nan ba, ɗan fari ne. Ya dubi bango ya ce, "Kai wanga, wani ya san inda uwarka take?"

"Kai ka sani, Baba?"

Gaskiya ce, Labbo bai sani ba. Ga shi nan dai a fili: in ya saki gonar, baƙo zai bi ta kanta da garma bai sani ba, in ya riƙe, ga tarakta tafe. Ta kowace hanya, dole ya gano kushewar kafin ƙarfe ya shiga.

Cikin mazan da suka rufe ta, wasu sun rasu, wasu sun nausa kudu ba labari. Mutum ɗaya aka ce yana nan, Mahadi, wanda ya haƙa ramin da hannunsa, yana zaune wurin 'yarsa a Tsafe. Labbo ya ɗaure idon sawu da tsumma ya shiga mota. Ya same shi a zaure bisa buzu, idanunsa sun yi fari da yana, yana jan carbi.

"Wa na?"

"Labbo na."

"Labbo na Tunga? Kana da rai?" Mahadi ya miƙo hannu yana lalube, ya kama nasa ya ƙi saki. Suka gaisa, suka tambayi na raye, suka lissafa matattu, kuma lissafi na biyu ya fi tsawo. Sai da aka kawo fura aka sha sannan Labbo ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Gabas ga ɗorawa," in ji Mahadi, "inda inuwatta ka ƙarewa da la'asar."

"An sare ɗorawa."

Carbin ya tsaya a hannun Mahadi. "Har ita? To, Allah shi kyauta. Nemi tudu, Labbo. Mun tara mata ƙasa ƙwarai, don karnukan da anka bari. Ba mu samu sarar itace ba, ƙyauren ɗakinku munka tsaga munka shimhiɗa. Randatta kuma munka hwasa, munka kahe wuyan wajen kai don shaida. Ka yahe muna, gaggawa munka yi."

"Ku da kunka yi min abin da ban yi ba, mi zan yahe?"

Randar kuwa ya san ta kamar yunwar cikinsa. Shi ya sayo ta a kasuwar Bungudu a shekarar aurensu, ya ɗauro ta a bayan keke, ya zo daidai ƙofar gida ya buga ta da bango, bakin ya ɓantare. Akwai zanen ƙafar kaza a kewayen wuyanta. Shafa'atu ba ta taɓa barin zancen ya mutu ba. Duk baƙuwar da ta sha ruwa sai ta nuna mata giɓin ta ce, "Kin ga aikin Malam, tun daga Bungudu lahiya lau, sai ƙohwar gida."

Ya koma tunga da kalma ɗaya a kansa: tudu. Ya sauka a ɗaki ɗaya da ya rage a tsaye cikin gidansa, ya rufe saman da tsohon kwano, ya tokare ƙofar da zana. Kullum da la'asar sai ya tsaya inda yake jin ɗorawa take, ya miƙa hannu gabas, ya yi ta auna inuwar itacen da babu shi. Wani lokaci inuwar ta kai shi nan, wani lokaci ta kai shi can, don shi kansa bai tabbatar da inda ɗorawar ta tsaya ba. Tuddai kuwa sun fi a ƙirga. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗingishi, yana buɗa ciyawa da sanda, yana neman wuyan randa.

Bai samu wuyan randa ba. Amma ya samu wani tudu mai tsawon mutum, kwance kudu da arewa yadda ake kwantar da mamaci, a wajen da inuwa za ta iya kaiwa in an yi mata uzuri. Ya zaga shi, ya sake zagawa. Ya ce a ransa shanu ne suka yi ƙwallo da tsingaron, wa zai hana su? Zuciyar da ta gaji da nema ba ta da wuyar lallashi. Ya cire hula, ya tsuguna, ya yi sallama, ya karanta abin da ya sawwaƙa, hawaye na bin gemunsa. Washegari ya saro ƙayar magarya ya kewaye tudun, ya tsince ciyawar kansa tas.

A makon ne Tajuddeen ya zo duba gona a kan babur. Mutum ne kakkaura mai yawan dariya, hannayensa baƙi ƙirin da man inji. Ya tsaya a iyaka ya yi fito.

"Baba, wagga gona ta ko bayan kada?"

"Ka iya ko ba ka iya ba?"

"Na iya, amma haro ba aljani ba ne. Ƙananan tudu duk shina cinyewa. Suri kam sai ka hwasa, manyan ramu sai ka cike, sabara sai ka tumɓuke, in ba haka ba hwaihwan haron ya karye min." Ya nuna ƙayar da haɓa. "Wancan hwa?"

"Iyalina ta."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Tajuddeen. Ya sauko daga babur, ya ɗaga hannuwa ya yi addu'a, ya shafa. "Ko inuwar taya ba ta taɓa wurin, Baba. Ka kwantar da hankali."

Labbo mutum ne mai cika alkawari, ko da rami ya yi wa. Da ya ɗauki diga, sai ya fara da kwarin da ya kayar da shi. Ya fasa wani ƙaton suri da ke kusa, ya riƙa ɗibar jar ƙasarsa a tsohon daro yana juyewa a ciki. Ramin kuwa mai ci ne, dogo ne ba mai faɗi ba, ka zuba ka zuba kamar ba ka zuba ba. Da ya cika, ya so ya tattake shi, ƙafar ta ce ba da ita ba. Dole ya durƙusa bisa gwiwa, ya murtsuke ɓurɓushin da yatsu, ya baje, ya daddanna da tafin hannu tun daga wannan kai har wancan, yana yi yana mita. Sai da wurin ya yi sumul, jawur a tsakiyar farar ƙasa, sannan ya miƙe ya kakkaɓe hannu.

"To, sai ka sake kada wani in gani," ya ce, ya wuce rami na gaba.

Haka kwanakin bazara suka yi ta tafiya. Da hantsi yana fasa suri, da rana yana fakewa a gindin bango, da la'asar yana tumɓuke sabara. Gidajen da aka dawo cikinsu ba su da yawa, kuma suna can ɗaya gefen, sai dai ya hango hayaƙinsu. Kowa na fama da tasa gonar da nasa matattun, gaisuwa daga nesa ce, a ɗaga hannu a wuce. Wayarsa sai ya hau kan rusasshen rumbu take kamawa, Abdulrahman ya ce, "Lahiya, Baba?" ya ce, "Lahiya," shi ke nan zance ya ƙare.

Hirarsa duk ta tudun ce. In rana ta yi sanyi sai ya zo ya zauna a bakin ƙaya, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya kwance mata labari. Ya gaya mata an sare ɗorawa. Ya gaya mata jikarta ta fara tafiya, kuma bakinta irin nata ne, ba ya rufuwa. Ya gaya mata ya gwada yin hoce, wainar dawa, da kansa, ya fito kamar tafin takalmi, ko kare ba zai ci ba, da akwai karen. A nan yakan dakata, don daidai nan ne dariyar take zuwa. Sai iska ta kaɗa busasshen ganyen magarya, shi kuma ya tattara gorarsa ya tafi alwala. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai a kwanakin nan, amma kaɗaici ne mai wurin zama, ya fi na Sabon Gari.

Ruwan fari ya sauka ranar wata Talata da yamma, mai ƙarfi, har ɗakinsa ya yi yoyo. Ƙasa ta sha ta yi laushi, ƙamshinta ya cika tunga. Ranar Alhamis da hantsi aka jiyo gurnani daga bakin hanya, sai ga jar tarakta tana tangaɗi bisa turba, tana jan haro a baya, faya-fayan ƙarfe a jere suna walƙiya.

Labbo ya riga ya kama wurinsa. Yana tsaye a bakin ƙaya da sanda a hannu kamar mai gadin kasuwa, ya ɗaura jan tsumma a kan wani dogon kara don kada a ce ba a gani ba. Tajuddeen ya ɗaga masa hannu, ya sauke haro a bakin iyaka, ya taka.

Abin kallo ne, ko mai baƙin ciki sai ya kalla. Faya-fayan suka nutse, suka riƙa yanka ƙasa suna kifar da ita, sawun shanun shekaru yana narkewa, tsofaffin kunyoyi suna rushewa cikin kwari. Balbelu suka zo daga inda Allah kaɗai ya sani, suka bi bayan tarakta suna tsintar tsutsa. Tajuddeen ya bi gonar gabas da yamma, ya dawo ya gicciye ta kudu da arewa, sannan ya ɗaura wani guntun ƙarfe mai nauyi a baya yana ja, yana shafe abin da ya rage. Duk lokacin da ya zo kusa da ƙaya sai ya rage wuta, ya yi kwana mai faɗi, ya bar wa tudun fili har ya yi yawa. Labbo yana juyawa da shi, bai ba shi baya ba ko sau ɗaya.

Kafin azahar gonar ta kwanta. Tun daga iyaka har iyaka babu ƙurji ko ɗaya, sai tudun nan shi kaɗai a tsakiya da rawanin ƙayarsa. Labbo ya sauke ajiyar zuciya irin wadda ya daɗe bai yi ba. Ya duƙa ya ce a hankali, "Shahwa, an gama. Ba abin da yat taɓa ki."

Tajuddeen ya kashe inji ya ce a taimaka masa da ruwan alwala. Labbo ya bar gadinsa a karon farko, ya ratsa sabuwar ƙasa zuwa inda ya ajiye buta, ƙafarsa na nutsewa cikin laushi. Bai kai rabi ba babban yatsansa ya daki wani abu mai tauri. Ya zaci dutse ne, ya duƙa don ya jefar da shi bakin iyaka.

Tsingaro ne, mai lanƙwasa. Ya goge shi da babban yatsa, sai ga zanen ƙafar kaza. Ya juya shi, sai ga tsohon giɓi a baki, wanda hannu da moɗa suka goge ya yi santsi.

Ya miƙe da shi a hannu. Sannan ya waiga ya dubi tudunsa, yana can nesa, nesa ƙwarai. Ya dawo da ido ƙasa. A gabansa, cikin farar ƙasar da haro ya burkita, akwai wani wuri ja. Faya-fayan sun ja jan sun watsa shi gefe da gefe, amma tsakiyarsa na nan, dogo ba mai faɗi ba, kwance kudu da arewa. Sawun taya ya bi ta kansa ya gicciye.

Kushewa ba ta zama tudu har abada. In itacen da aka shimfiɗa ya ruɓe, damina ta bi ta kai, lotsawa take yi ta koma kwari, balle wadda aka rufe da tsohon ƙyaure. Labbo ya san wannan. Ya sha gani a maƙabarta, ya sha ɗaukar ƙasa ya cike na mutane. Amma Mahadi ya ce tudu, shi kuma a zuciyarsa Shafa'atu ba ta daɗe ba, jiya-jiya aka rufe ta.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Tajuddeen ya gaji da jira ya biyo shi, ya ga abin da ke hannunsa, ya ga jar ƙasa, ya ga sawun tayarsa. Bai buƙaci bayani ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Baba, wallahi ban sani ba. Wallahi inda kan nuna min..."

"Ni nan nuna maka."

"Hwaihwai bai wuce taƙi guda cikin ƙasa, Baba. Bai kai gare ta ba, na rantse. Ƙasar da anka zuba bisa ita ɗai yat taɓa." Ya tsuguna ya ɗebi jar ƙasar ya murza. "Wannan ta suri ce. Wa yaz zuba ta nan? Da ba a cike wurin ga ba, da taya ta ruhta ciki gaba ɗai."

Labbo ya ajiye tsingaron. Yana kallon tafin hannunsa, yana tuna daro bayan daro, da yadda ƙafa ta hana shi takawa, da yadda ya durƙusa ya baje ƙasar da yatsu tun daga kai har ƙafa, ya daddanna ta ta yi sumul. Abin da ya yi shekaru yana kukan bai yi ba, ashe ya yi shi, da hannu biyu, yana zage-zage. Wani abu ya taso masa daga ciki wanda bai san ko kuka ba ne ko mene, ya cire hula ya toshe baki da ita har ya wuce.

Da suka idar da salla, Labbo ya tafi wurin tudun ya fara janye ƙaya. Tajuddeen ya zo zai kama masa, Labbo ya ce masa a'a, shi dai ya je ya tada inji. Reshe bayan reshe ya jawo su a ƙasa har wurin jan, ƙaya na yagar masa hannu bai kula ba. Sannan ya tsaya ya nuna tudun da sanda.

"Bi ta kai."

"Ka tabbata, Baba?"

"Bi ta kai, na ce."

Wucewa ɗaya haro ya yi masa. Abin da ya fito ruɓaɓɓen karan dawa ne, tarin da shi Labbo ya yi da hannunsa a kakar ƙarshe, ruwa ya lulluɓe shi da ƙasa, gara ta yi gida a ciki. Ita ce ta watse fara fat tana neman mafaka, balbelu suka sauka a kanta. Wannan ne ya sha labarin jika da na hoce.

Tajuddeen ya ɗaga haro, ya tsaya a bakin iyaka. Ya ɗaga hannu, ya kama turba, don akwai gonakin da ke jiransa kafin ya wuce Tsafe. Gurnanin ya yi ta raguwa har ya ɓace, balbelun ma suka bi shi.

Gonar ta rage daga Labbo sai fili. Ya durƙusa a gefen jan, ya riƙa tattaro ƙasar da haro ya watsa, yana tsince ja daga fari, yana shafe sawun taya da tafin hannu. Wannan karon ya yi bisimilla kafin ya zuba, ya karanta abin da ake karantawa. Ya ɗaga wurin kaɗan yadda ido zai gani, ya kafa wuyan randa a kudu wajen kai, giɓin yana kallon sama, sannan ya ja ƙaya ya rufe.

La'asar ta yi. Da ɗorawa na nan, da yanzu inuwarta ta iso daidai gwiwarsa. Ya miƙe ƙafar da har yau ba ta gama warkewa ba, ya dubi tsumman da ke ɗaure a idon sawun.

"Ashe tun ranar hwarko kinka riƙe min ƙahwa," ya ce. "Ni ko nit tashi ina zagin rami, nit tahi can ina hira da gara."

Ya dakata, don daidai nan ne wurin dariyar. Da ba ta zo ba, sai ya yi ta da kansa, 'yar kaɗan. Ya jira abin da ke biyo bayanta, shi ma babu mai faɗa. Sai ya ɗora hannu bisa jar ƙasar.

"Sannu, Shahwa," ya ce. "Sannu da jira."